Mai Ido a Gaɓar Antau

Angwan Iya, Keffi.

Zuwa ga 'yata Hannatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya sa kin sauka Abuja ba ko tuntuɓe, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki kwana da inda za ki yi aiki. Na cusa ta a ƙasan jakarki tsakanin zannuwa, don na san halinki, sai kin kwana biyu kafin ki kwance kaya. Kada ki kira ni kina tsakiyar karantawa. Ki kai ƙarshe tukuna.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika baro shi. Aikin da kika samu ne ya zaunar da ni rubutu. Za ki koya wa 'ya'yan mutane iyo a makaranta, aikin babanki ke nan, kuma kin tafi da wani kaya a ka wanda ni na ɗora miki. Tun kina shekara bakwai kin yarda cewa kukan da kika yi a bakin kogi ne ya ɗauke idona daga kan babanki ranar da ruwa ya ci shi. Ni na faɗi haka, a gabanki, a gaban jama'a. Ba haka aka yi ba. Zan gaya miki yadda aka yi, amma ki yi haƙuri in biyo ta doguwar hanya, don in na faɗa kai tsaye ba zan iya kai ƙarshe ba.

Ke Baba kika sani. Gari ya san Malam Ayuba mai koyar da labarin ƙasa da wasannin motsa jiki a sakandare, yara kuma suna ce masa Koci. Ni kuwa na san mutumin da yake laɓewa bayan ɗaki yana wanke miki tsumma don kada maƙwabta su gani su ce na mallake shi. Da na yi doguwar jinya kina shekara uku, shi ya riƙa yi miki kitso. Allah ya jiƙansa, kitson nan ko akuya ba za ta yarda a yi mata ba, amma kin je majami'a da shi kina taƙama. Bai taɓa cin tuwon dare ba sai ya ga kin ci. A ƙauyensu wajen Agwada ya taso, kuma a can ƙaninsa ya nutse a rafin da bai wuce ƙugun babba ba, mata suna wanki a gefe, ba wadda ta ji komai. Abin da ya sa ya koyi iyo a kwalejin malamai ke nan, kuma abin da ya sa bai taɓa karɓar ko kwabo a kan koyar da shi ba.

A shekarun da aka ƙirƙiro mana jiha, Keffi ba ta da wurin iyo na siminti da talaka zai shiga. Kogin Antau ne makarantarsa. In damina ta ja baya, ruwa ya kwanta, sai ya tara yara kowace Asabar da safe a wata kwanar kogin ƙasa da mawanka. Yana da ƙa'idoji da ba ya sassautawa. Kafin yaro ko ɗaya ya iso, sai ya shiga shi kaɗai da doguwar gora yana dungurin ƙasan ruwa taki bayan taki. Kowane yaro zai jera takalminsa a gaɓa, in an fito kowa ya tsaya kan nasa, takalmin da ba ƙafa a ciki shi zai faɗi wanda ya rage. Sannan akwai mai ido. Mai ido yana zaune kan wani dutse mai faɗi, igiya a gefensa an ɗaura jarka a bakinta. Ba ya shiga ruwa, ba ya cin gyaɗa, ba ya hira, kuma ba ya amsa gaisuwa. Ni ce mai ido, shekara tara.

Ba ya amsa gaisuwa, a Keffi! Garin da in kin wuce mutum ba ki tambaye shi gajiya da iyali ba sai maganar ta riga ki isa gida. Nan na yi kuskurena na farko. Wata Asabar Iya Asabe, maƙwabciyarmu mai daddawa, wadda ta yi miki wankan farko, ta sauko da kayan wanki a ka.

"Sannu da aiki, Maman Hannatu."

Na yi shiru, idona a ruwa.

"An tashi lafiya? Ya yarinya?"

Na ɗaga mata hannu ban juya ba.

"To," in ji ta, "ashe an zama matar Koci, mu ba mu isa ba."

Na juya. Wallahi ba mu wuce "ya gajiya" ba. Da na maido ido sai na ga ruwa lumui a inda kan wata yarinya, Ladi, yake ɗazu. Ba ihu, ba fantsama, kamar ba a taɓa haihuwarta ba. Babanki ya riga ya nutsa. Ya fito da ita, ta amayar da ruwa, ta farfaɗo. Da mata suka kewaye ta suna tambaya ko ta ji tsoro, sai ta ce a'a, can ƙasa shiru ne, ga haske kore, kuma ta ga ƙafafun kowa suna motsi a sama amma ba wanda ya duba ta. Har yau ina tuna yadda ta faɗe shi, murya a sanyaye.

Babanki bai yi mini faɗa a bakin kogi ba. Da yamma ya sa riga ya je har gidan Iya Asabe ya durƙusa ya yi mata bayani, ita ce ma daga baya take korar masu gaishe ni. To ki ji. A can za ki haɗu da iyaye masu manyan motoci, da shugaban makaranta, da waya tana ƙara a aljihu. In yara suna cikin ruwa, ko wane ne ya kira sunanki, bar shi ya kira. Za su ce 'yar Keffin nan ba ta da tarbiyya. Ki bari su faɗa, in an fito kin ga kowa kan ƙafarsa sai ki je ki ba da haƙuri.

Daga ranar ya fara gwada ni. Ya ce mutane suna zaton mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu, alhali ba shi da numfashin yin ihu. A tsaye yake a cikin ruwa, kai a langaɓe baya, baki yana shiga yana fita, hannuwa suna danna ruwa a gefe, ido a buɗe yana kallon gaɓa. In ba ki sani ba sai ki ce yana kallonki ne kawai. Don yara su gane, shi da kansa yake kwaikwaya, ba sanarwa. Ana cikin darasi sai kawai ya tsaya ya yi, ni kuma aikina in miƙe in hura usur in jefa masa jarka. In na makara sai ya fito yana girgiza kai, ya ce, "Malama, yau kin zama gwauruwa." Yara su kwashe da dariya.

Karon farko da ya yi, sai da na yi kwana biyu ban iya kallon fuskarsa ba. Ya iya ƙwarai. Idonsa yakan zama ba nasa ba, kamar wani ne ya aro fuskar mijina yake leƙo ni daga cikin ruwa. Amma abin da ake maimaita miki shekara da shekaru tsoronsa yakan fita. Na saba, daga sabo na koma jin haushi. Na riƙa jefa igiyar da gatse, ina cewa ƙato da shi yana wasan yara. Wannan ne kuskurena na biyu, kuma shi ya haifi sauran. Duk gwajin da za a yi miki a wurin aiki, ko sau ɗari ne, ki tashi kamar na gaske. In kin ji zuciyarki ta fara cewa "na san wannan," ki nemi wani ya karɓe ki a ranar.

Ana nan Abuja ta fara cin yashi. Gini ko'ina, daga Maraba har inda ido bai kai ba, kuma yashin daga kogunanmu ake ɗiba. Tifa ta riƙa saukowa gaɓa tun asuba, leburori suna haƙa da shebur da bokiti har cikin ruwa. Daga sama kogi yana nan yadda kika san shi. A ƙasa kuwa ramuka ne, yau a nan gobe a can, gefensu yashi mai zubewa. Babanki ya je ya roƙe su su bar masa kwanarsa. Babbansu ya ce, "Oga Koci, mu ma abinci muke nema, amma za mu yi ƙoƙari." Wani mako su bari, wani mako sababbi su zo waɗanda ba su san da maganar ba. Shi ya sa dungurin gora, da a da yake gamawa cikin ɗan lokaci, ya koma cin kusan awa guda.

Ranar da abin ya faru muna da taron zumuntar mata da hantsi, kuma ni zan ja waƙa. Tun jajibere na ɗauki gorarsa na tokare igiyar shanya, don tawa ta karye. Da safe na azalzale shi muka fito mu uku, sai a bakin kogi ya tuna.

"Malama, gora fa?"

"Tana riƙe da zannuwana."

"Bari in koma in ɗauko."

"Haba Malam, kai da ka san kogin nan kamar tafin hannunka? Ka taka da ƙafa mana. In ka koma gida yaushe za a fara, yaushe za a gama?"

Ya dube ni, ya dubi ruwa. Mutum ne da ba ya son ɓata mini rai, wannan ne kaɗai rauninsa. Ya cire takalmi ya ajiye a inda yara suke jerawa, ya shafa kanki, ya shiga. Kuskure na uku ke nan. Kayan aikin ceton rai ba a aronsu, ba a shanya a kansu, kuma duk wanda ya ce ki gaggauta duba ruwa, ko ni ce, ki ce masa a'a.

Yara ba su iso ba tukuna. Leburori suna can ƙasa, in na yi ihu za su ji. Na hau dutsena, igiya a gefen ƙafata, usur a wuyana. Yana tafiya a hankali, ruwa a ƙirji, sai na ga ya ɗan nutsa ya tsaya. Kansa ya langaɓe baya. Bakinsa ya fara shiga yana fita. Hannuwansa suna danna ruwa, idonsa a kaina.

Hannatu, ban juya ba. Ina kallonsa.

Na naɗe hannu a ƙirji na ce a raina, yau da nake sauri ne zai gwada ni, ba ma yaro ko ɗaya a wurin? Na ɗaga murya na ce, "Malam, in ka gama wasanka ka fito, yau ba zan taso ba." Har dariya na yi. Ya ci gaba da kallona. Na ƙara cewa, "Ka iya, mun gani." Ban san tsawon lokacin ba, na sha auna shi a raina, wani lokaci ya zama kamar ƙiftawar ido, wani lokaci kamar wuni. Sai ruwa ya rufe goshinsa. Na jira ya ɓullo yana girgiza kai. Na jira. Sai da ruwan ya kwanta sumul sannan na hura usur.

Leburori suka fito da shi. Gefen sabon rami ne ya zube ya binne ƙafafunsa har cinya, sai da mutum huɗu suka haƙa. Ɗaya daga cikinsu ya ce da an jefa masa abin riƙewa ya ɗaga kai, da sun iso. Bai san wa yake faɗa wa ba.

Mutane suka taru. Wani ya tambaya, "Ina mai ido take?" A nan na yi babban kuskuren rayuwata, wanda ya fi na dutsen. Na duba na gan ki, sai bakina ya ce, "Yarinya ce ta yi kuka, na juya in duba ta." Kowa ya gyaɗa kai. Wace uwa ce ba za ta juya ba? Aka tausaya mini, aka rungume ni. Wasu suka ce mutanen ruwa ne suka karɓi nasu, don ya daɗe yana ƙwace musu yara, na bar su suka faɗa. Ke kuwa kina tsaye kin riƙe gefen zanena, kin ji kowace kalma.

Ba ki yi kuka ba ranar, 'yata. Kina zaune bayana a kan yashi kina gina ɗaki a kan ƙafarki, kina 'yar waƙarki ƙasa-ƙasa. Ko tari ba ki yi ba.

Na kawo takalminsa gida na ajiye bayan ƙofa. Asabar ta farko bayan jana'iza na zo shara na same su da danshi, da yashi a ciki. Na ce raɓa ce, na kakkaɓe na shanya. Asabar ta gaba haka. Na kai su cikin akwati na rufe, na daina dubawa, amma ranar Asabar ɗakin yakan yi warin kogi har azahar. Kin sha tambayata me ya sa nake kunna turaren wuta ranar Asabar kaɗai. Bayan shekara biyu wani tsohon lebura ya tare ni a kasuwa, ya ja ni gefe ya ce, "Madam, kada ki ji haushi. In rana ta take, mukan ga mutum tsaye a kwanar nan, ruwa a haɓa. Ba ya kallonmu. Dutsen nan yake kallo." Na ce masa zafin rana ne, ya riƙa sa hula. Na dawo gida. Ni mai bi ce, na san matattu suna hannun Ubangiji, kuma ban ce miki ga abin da suke gani ba. Abin da na sani shi ne ban sake taka gaɓar Antau ba, kuma ko randa zan buɗe sai na kawar da fuska kafin in sa moɗa.

Amma ba wannan ne ya fi ba ni tsoro ba. Ke ce. Daga ranar kika daina kuka. A jana'iza ba ki yi ba. Da kika faɗo daga mangwaro hannunki ya karye, mai ɗori yana ja, manya suna kawar da kai, ke kin cije leɓe har jini, idonki a bushe. Mata suna yaba miki, wai jaruma kamar ubanta. Ni kaɗai na san yarinya ce da aka gaya wa kukanta yana kashe mutum. Sau da yawa na buɗe baki in faɗa miki, sai in ce bari ta ƙara girma, bari ta gama jarrabawa, bari a wuce Kirsimeti. Na hana ki zuwa kogi, na ce don ina tsoron ruwa ne. Gaskiya ina tsoron ki tsaya a wurin ki tuna. Da na ji kin koma iyo a ɓoye a jami'a na yi miki faɗan da bai dace ba, kika ce mini, "Mama, bashi nake biya." Na shiga ɗaki na bar ki da wannan maganar. Shekara goma sha shida ina kallonki kina nutsewa a tsaye, ido a buɗe, kuma nan ma na naɗe hannu.

Shawarata ta ƙarshe ita ce wadda ba ni da bakin bayarwa, amma zan bayar. Wata rana za ki yi kuskure a bakin ruwa, kowa yana yi. In an tambaye ki, ki faɗi abin da ya faru a ranar, da bakinki, kafin ki sami lokacin gyara shi. Kada ki duba gefe ki nemi wanda ya fi ki ƙanƙanta.

Ba wanda yake bin ki bashi, ba a bin ki komai. In kina son aikin nan don kina son sa, ki yi shi da dukan zuciyarki, kin gaji hannun babanki da haƙurinsa, kuma na sa miki albarka. In kuwa don abin da na faɗa ne kika ɗauke shi, ki ajiye, ki nemi abin da ranki yake so, ba wanda zai ce kin gaza. Lahadi mai zuwa zan tsaya a gaban zumuntar mata, waɗanda suka rungume ni a ranar, in faɗa musu abin da na rubuta miki. Na riga na gaya wa Iya Asabe. Ta ce, "Yarinyar fa, ta sani?" Na ce takarda tana hanya.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba. In kin ga ba za ki iya jin muryata ba wata ɗaya ko shekara, ba zan bi ki da waya ba, ba kuma zan aiko kowa ya ba ki baki ba. Ɗakinki yana nan a share.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya tsare ki a kan titin Keffi zuwa Abuja, ya tsare ki a gaɓa da cikin ruwa, ya sa duk yaron da aka damƙa miki ya koma hannun uwarsa da ƙafarsa. Ya jiƙan babanki, ya ba shi hutawa. In kin gama karantawa ki rufe ƙofa, ki zauna, ki yi kukanki, Hannatu. Ba wanda zai mutu.

Ni ce mamanki,
Saratu.